Sitiyarin Tsohuwar Mota: Shawarwari 12 Kafin a Gyara ko a Sauya

Tsohuwar mota a ƙasar Damagaram har yau da guminta take ci. Peugeot 504 da ƙanwarta 505, akori-kurar 404, Land Cruiser da Hilux na shekarun 1980, da Mercedes 200 irin ta alhazan da, su ne ke kwaso gero daga gona, su kai mai naƙuda asibiti cikin dare, su yi jigilar masu cin kasuwa tsakanin Zindar da Mirriya, Magariya, Matamai da Tanut. 504 ta fito a Faransa a 1968, masana'antar PAN ta Kaduna da ta soma aiki a 1975 kuma ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa kayanta ba su yanke a kasuwanninmu ba. Sai dai a yawancin gidaje kuɗin gyara a kan inji da taya da birki yake ƙarewa. Sitiyari kuwa in ya tsage, sai a naɗe shi da tsumma ko robar tayar keke, a ce Allah ya kiyaye hanya.

Abu guda ya kamata maigida ya riƙe kafin ya taɓa aljihu: sitiyari hawa biyu ne, ƙarfe a ciki, rufi a waje. In rufin ne ya lalace, yana gyaruwa, wani lokacin ma a tsakar gida. In ƙarfen ne, babu zancen gyara, sai sauyi.

1. Ku tabbatar sitiyarin ne mai laifi

Sau da yawa direba kan ce sitiyari ya lalace alhali matsalar tana can ƙasa. Ku tsayar da motar a wuri mai shimfiɗe, tayoyi a miƙe. Mutum ɗaya ya tsuguna yana kallon tayar gaba, ɗaya ya riƙa murɗa sitiyari dama da hagu a hankali. In motar mai fawa ce, a bar inji a kunne. Abin da ake aunawa shi ne tafiyar da sitiyari ke yi kafin taya ta motsa, wato wasansa. Ga sitiyari mai faɗin santimita 38, masu binciken lafiyar mota a Ingila ba sa yarda wasan ya wuce milimita 13 a motar da ke aiki da rak irin 404 da 504. Mai akwatin sitiyari irin Land Cruiser da Mercedes 200 an yi mata sassauci zuwa milimita 75, ko da yake makanike mai hankali ba ya bari a kai can. In wasan ya yi yawa, ku nemi laifin a rotil, ko robar da ta haɗa sanda da rak, ko akwatin kansa.

Daga nan ku kama sitiyarin da hannu biyu, ku jawo, ku tura, ku girgiza shi sama da ƙasa. In yana ƙwas-ƙwas, to ko notin tsakiya ya saki, ko bushin sanda ya cinye. In kuwa sai mota ta ɗauki gudu a kan kwalta yake karkarwa, a duba tayoyi. Sabon sitiyari ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

2. Ku duba ƙarfen ciki kafin komai

Ku kwance duk tsumman da aka naɗa, ku kalli abin da aka daɗe ana ɓoyewa. Wurare uku ne abin lura: zoben ƙarfen da ya kewaye, hannuwan da suka haɗa shi da cibiya, da haƙoran da ke cikin cibiyar inda take kama sanda. Ku ɗora guntun alli a kan dashbod dab da gefen sitiyari, ku juya shi zagaye guda. In gefen yana matsowa yana ja da baya, ya lanƙwashe, galibi saboda wani tsohon haɗari da ƙirjin direba ya daka shi.

Sitiyarin da ya lanƙwashe, ko waldarsa ta ɓalle, ko tsatsa ta ci ƙarfensa har yana ɓarewa, ko haƙoransa suka shafe, ya gama aiki. Mai walda zai iya ce muku minti goma ya ishe shi. Kada ku yarda. Wutar walda tana ƙona rufin, tana sauya taurin ƙarfen da ke kusa, kuma cibiyar wasu sitiyarin ba baƙin ƙarfe ba ce, wani gami ne mai sauƙi wanda waldar bakin hanya ba ta riƙe shi. Ranar da za ta saki, ranar kauce wa raƙumi ko jaki ce a tsakiyar hanya.

3. Tsagar roba mai tauri: ga yadda ake cike ta

Tsofaffin sitiyari irin na 404 da sa'anninta roba ce mai tauri aka zuba a kan ƙarfe. Shekaru da rana suna sa ta ƙanƙance ta tsattsage, musamman inda hannuwa suka haɗu da zobe. In ƙarfen lafiya yake, wannan aikin yini biyu ne ga mai haƙuri.

Ku sa magagari mai kusurwa uku ku faɗaɗa kowace tsaga, bakinta ya buɗe, gindinta ya tsuke, har ku tarar da roba mai lafiya ko ƙarfe. Mutum kan ji kamar ɓarna yake ƙarawa, amma gam ba ya shiga siririyar tsaga ya zauna. In kun ga tsatsa, ku kankare. Ku wanke da omo da buroshi don fitar da maiƙon hannu na shekara da shekaru, ku bari ya bushe sarai. Sai ku kwaɓa gam mai haɗi biyu, irin Araldite ko makamancinsa, mai jinkirin kamawa ya fi. Ku cusa shi har ciki, ya ɗan tasa sama da wurin. A bazara gam na saurin daskarewa, don haka ku riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya, a inuwa. Ku bar shi awa 24. Washegari ku goge da samfefa mai kaushi lamba 80, ku bi da 180, ku ƙare da 400, kuna rufe ido kuna shafawa da yatsa, don yatsa ya fi ido gane tudu. Daga nan a fesa farin shafe, a bi da fenti sirara-sirara sau biyu ko uku, a ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga.

Sufa gulu ba ya wannan aikin, haka ma cikon da masu gyaran jikin mota ke shafawa. Duka biyun suna bushewa ƙayau, gargadar hanyar ƙauye ta farko za ta farfasa su.

4. Rufi mai laushi da ke juyawa a hannu

Motocin ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama yawanci soso ne mai laushi a kan ƙarfen. Nasu ciwon daban ne: soson yakan rabu da zobe, ka murɗa ka ji rufin ya juya, ƙarfen bai bi ba. Galibi daga sama yake farawa, inda rana ta fi duka. In wurin bai wuce faɗin tafin hannu ba, a huda ƙananan ƙofofi ta baya, a ɗura gam mai ruwa da sirinji, a mulmula ya bazu, a naɗe da tsumma tamau ya kwana. In soson ya ruɓe yana marmashewa, ko ya saki a rabin kewaye, ɗura ba ta isa. Sai dai a kankare shi a sake gini, ko a nemi wani.

5. Ku kai wa baduku

A nan Damagaram ta fi garuruwa da yawa sa'a. Jima da dukanci tsofaffin sana'o'in garin ne, kuma hannun da ya iya ɗinka kube da jaka da kayan doki ba zai rasa yadda zai yi da sitiyari ba. Amma ku je da bayani, don ba kowane baduku ya taɓa yin aikin ba.

A fara cike tsaga da ramuka tukuna, don fata ba ta ɓoye aibu, duk tudun da ke ƙasa sai ya fito. A zaɓi fatar da ta jemu sosai da bagaruwa, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Fatar jar akuya irin ta Maraɗi tana da laushi da ƙarko, tana kuma bin lanƙwasa. Ƙirgi ya fi jure gugar hannu, amma sai an fafe shi ya yi sirara. Sitiyari mai faɗin santimita 40 kewayensa kusan 126 ne. Gwanin baduku zai yanka fatar ta gaza haka kaɗan, ya haɗa bakin biyu, ya ɗan jiƙa ta, ya ja ta da ƙarfi ta hau. Tana bushewa tana ƙara kamawa. Zai shafa gam sirara a ciki, ya huda ƙofofi a jere da basilla, tazara ɗaya, sannan ya bi da allura biyu da zaren nailan da aka goga wa kakin zuma, yana giciye su yana tsukewa, ɗinkin yana bin cikin zobe inda tafin hannu ba ya gugarsa. Wurin hannuwa ne ake gane gwani: can ake tsaga fatar a kwantar da ita ba tare da ta tattare ba.

Kafin ya yanka, ku ce masa: "Malam, a ba ni tsumma fari in gwada rinin." Ku jiƙa tsumman ku goga a fatar. Jan karan dafi da baƙin rini suna da kyau a ido, amma in ba su kama ba, gumin bazara zai kwaso su zuwa tafin hannu, daga nan zuwa farar shaddar Juma'a. Kuma kada a shafa wa fatar man shanu ko wani mai don ta yi sheƙi. Santsi a sitiyari haɗari ne.

6. Ku yi hattara da rigar kasuwa da kayan ado

Rigar sitiyari ta roba ko mai gashi da ake sayarwa a bakin tasha ta fi komai araha, araha kuwa ba ta ado. In za ku saya, ku auna faɗin sitiyarinku, ku sa ta a gaban mai kaya, ku riƙe ta ku murɗa da ƙarfi mota na tsaye. In ta zame ko kaɗan, ku mayar masa. Wadda ta zame a tsaye, cikin yashi za ta fi zamewa. Tuntu da geza da carbi kuma a nema musu wani wuri, kada a rataya su inda za su sarƙe yatsa ko sandar sigina.

7. Cire sitiyari yana da ƙa'ida

Ku daidaita tayoyi su miƙe. Ku cire wayar batir mai alamar ragi, don kada oda ta tashi unguwa ko waya ta yi tartsatsi. Ku ɓalle murfin tsakiya a hankali, tsohuwar roba ba ta son garaje, ku ɗauki hoton yadda wayoyi suke da wayar hannu. Ku ja layi da fenti ko ƙusa daga kan sanda zuwa cibiya, don a mayar da shi inda yake.

Ku sassauta notin tsakiya, amma kada ku cire shi gaba ɗaya, ku bar shi a bakin sanda. Sitiyarin da ya shekara talatin a wurinsa ba ya fita da lallashi, in kuma ya tashi fita, gaba ɗaya yake tahowa, notin nan ne zai tare shi kada ya sami haƙoran mai ja. A yi amfani da ƙarfen zarowa, mai ƙafafu da noti a tsakiya. In babu, a ɗiga ɗan mai a haƙoran, a bari ya jiƙa, a riƙa jijjiga shi dama da hagu ana ja. Abin da ba a yi shi ne dukan kan sanda da guduma. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka soma ƙera sandar sitiyari ta yadda za ta noƙe in an yi karo, kada ta soki ƙirjin direba. Guduma tana iya karya wannan tanadin, ta kuma ɓata zaren notin. In kun ga yaron gareji ya ɗauko guduma, ku ce a kira maigidansa.

8. Mai jakar iska ba aikin gida ba ne

Mercedes ta fara sa jakar iska a sitiyarin manyan motocinta a farkon shekarun 1980, zuwa shekarun 1990 kuma abin ya bazu. Yawancin motocin gwanjo da ake kira tsofaffi a yau suna da ita. In kun ga an rubuta SRS a tsakiyar sitiyari, akwai sinadari mai fashewa a ciki. Makanike zai cire batir ya jira kamar minti 10, ya ajiye jakar fuskarta na kallon sama, nesa da yara da wuta. Bayan sitiyarin akwai naɗaɗɗiyar waya da ke kai wuta ga jaka da oda. In aka juya ta bayan an cire sitiyari, za ta tsinke a kwanar farko.

Jakar iska ta gwanjo kuma sai da bincike. Jakunkunan kamfanin Takata na Japan sun sa an janye miliyoyin motoci a duniya tun daga 2013, har kamfanin ya durƙushe a 2017, saboda zafi da laima suna lalata sinadarin, ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima ya watsa gutsattsarin ƙarfe. Ƙasa mai zafi irin tamu ba wurin gwada sa'a ba ce.

9. In sauyi ya zama dole, ku tafi da tsohon a hannu

Ku fara da masu sayar da kayan tsofaffin motoci na cikin Zindar da garejin da mushen mota irin taku ke kwance. In ba a dace ba, Maraɗi, ko Kano ta hanyar Matamai da Daura, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan mota. Da aka rufe iyakar Benin a 2023, abin da ke zuwa ta tashar Kwatano ya yi wuya, wannan ya ƙara wa kayan cikin gida daraja.

Kada ku aika da sunan mota kawai. Ko a mota iri ɗaya, ƙirar wata shekara kan bambanta da ta wata. Ku kwatanta kaurin ramin cibiya, ku ƙirga haƙora, ku duba zurfin cibiyar, da ɗan harshen da ke mayar da sigina bayan kwana, da wurin oda, don a wasu motocin Faransa oda a jikin sandar fitila take. Ku kife shi a kan daɓe mai shimfiɗe ku ga ko ya kwanta daidai. Ku yi sharaɗin mayarwa in bai hau ba, a gaban shaida. Wanda bai hau da kansa ba, kada a goge haƙoransa da magagari ko a cusa masa gwangwani don ya kama. In rak ko sanda za ku haɗa da shi, ku tabbatar na mota mai sitiyari a hagu ne. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972 kamar Nijar, don haka kayan Kaduna da Kano suna dacewa, amma waɗanda aka ciro daga motocin Ingila ko Japan na ɗaya hannun ne.

10. Kada a rage masa faɗi don gayu

Samarin gida kan so ƙaramin sitiyari irin na motar tsere. Masu ƙera tsohuwar mota ba don ado suka yi nata da faɗi ba: babu fawa, faɗin ne ke taimakon dantse. In aka sauko daga santimita 40 zuwa 33, ƙarfin da ake buƙata wajen murɗawa zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A lungunan Birni da Zango, ko cikin yashi da lodin buhuna, dattijo ko uwargida za su ji a jikinsu. Ƙaramin sitiyari kan kuma rufe agogon gudu, ga shi sai da wata cibiyar haɗi, wadda in ta jabu ce ita ce za ta fara tsagewa.

11. A ɗaura da awo, a gwada kafin a ɗauki iyali

A goge haƙora da bakin sanda, a daidaita layin da aka ja, a zura da hannu. A sa washa ko makullin noti irin wanda aka tarar, sabo in da hali. A ƙananan motoci ɗaurin notin galibi tsakanin Nm 30 ne da 50, littafin motar ne ke faɗin adadin, sifana mai awo ce kuma ke tabbatarwa. A mayar da batir, a gwada oda da sigina, a murɗa har ƙarshe dama da hagu a ji ko akwai inda yake gugar wani abu. A zare makulli a ga ko yana kullewa, a mayar a ga ko yana sakewa sarai. Sannan direba ya zaga shi kaɗai a hanyar da babu cunkoso. In mota na tafiya sak amma sitiyari a karkace, kuma an bi layin, to saitin tayoyi ne, a kai a daidaita. Bayan mako guda a sake taɓa notin.

12. Ku kare shi daga rana da hannu, ku kuma adana na asali

A Afrilu da Mayu zafin Zindar kan wuce digiri 40 a inuwa, saman dashbod na motar da aka rufe a rana kuwa yakan haura 70. Ku nemi gindin dogon yaro ko rumfa. In babu, ku yafa wa sitiyari tawul, ku sa kwali a gilashi, ko ku juya shi samansa ya koma ƙasa kafin ku fita. Ku hana yara lilo da shi, babba ma kada ya riƙe shi ya ɗago jikinsa in zai hau Land Cruiser, wannan ne ke raba soso da ƙarfe. Wanda ya taɓa galan ɗin fetur na ƴan ruwa-ruwa ko man birki ya wanke hannu kafin ya kama, don dukansu suna cin roba da fenti da fata. Tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya a mako ya wadatar. In makulli ya kulle sitiyari, a jijjiga a hankali ana murɗa makullin, ban da kokawa.

In kun sauya sitiyari alhali ƙarfen tsohon lafiya yake, kada ku bai wa ƴan gwangwan. Ku naɗe shi a buhu tare da murfinsa da tambarinsa ku ajiye a ɗaka. Masu neman 404 da 504 suna ƙara kuɗi a kan motar da kayanta na asali suke cikakku, kuma murfin tsakiya mai tambarin zaki yana cikin abubuwan da suka fi wuyar samu. Wanda ƙarfensa ya lalace kuwa, ku sa a yanke zoben gida biyu kafin ya bar hannunku, don kada ya koma kasuwa a yi masa fenti a sayar wa wani.